Kakin Malama Rahama

Takarda ta bakwai da Rahama ta zaro daga akwatin ba ta yi kama da 'yan'uwanta ba. Sauran an ninke su sau ɗaya ko biyu, ita kuwa an nannaɗe ta har ta koma kamar ƙwayar gyaɗa, sai da farce ta warware ta. An yi rubutun da manyan baƙaƙe, irin na mai ɓoye hannunsa.

"Malama, idan aka kama yarinya da ƙwaya a jikinta, kuma ba tata ba ce, ɗaura mata aka yi, shekara nawa za ta yi a gidan yari? Za a bar ta ta rubuta jarrabawa tukuna?"

Sau uku ta karanta.

Wata tara ke nan da aka turo Rahama daga Kontagora ta yi bautar ƙasa a Gumel, a wata sakandaren jeka-ka-dawo. Ilimin halittu take koya wa 'yan matan aji shida. Da ta ce tana son wurin da za ta riƙa zama da ɗalibai tana ba su shawara, shugaban makaranta ya yi mata kallon da ake yi wa mai zafin kai, ya miƙa mata makullin tsohon sito. Ta share kashin jemage, ta jawo benci biyu, ta sa kafinta ya ƙera mata akwatin katako ta rataye a bakin ƙofa. Duk mai damuwa ta rubuta ta jefa, ba sai ta sa suna ba. A sansanin horo aka koya musu dabarar, Rahama kuwa irin mutanen nan ce da in an koya musu abu ran Litinin, ran Talata sun fara gwada shi a kan bayin Allah.

Abin da akwatin ya saba haifarwa bai wuce maganin ƙurajen fuska ba, da ƙarar wata ta ari littafi ta ƙi dawowa da shi, da masu son sanin ko Malama na da saurayi. Irin wannan takarda kam ba ta taɓa gani ba.

Sallamar da aka yi a ƙofa ta sa ta dunƙule ta a tafin hannu. Malam Abdurra'uf ne, malamin ladabtarwa, dogon mutum siriri wanda ya shekara ashirin da biyu a makarantar, kuma ba wanda zai ce ya taɓa ganinsa ba bulala a hammata.

"Malama Rahama, yau me akwatin tsegumi ya kawo mana?"

"Shirmen yara ne kawai, Malam."

"Madalla. Shirmen ya fi." Idonsa ya sauka kan dunƙulallen hannunta, ya ɗan daɗe a nan. "Sai dai ki riƙa lura. A garin nan duk abin da ya hau takarda ba ya zama inda aka ajiye shi."

Ya juya ya tafi. Ta bi bayansa da kallo har ya sha kwanar ɗakin gwaje-gwaje. Mutumin da tun da ta buɗe ɗakin nan bai taɓa leƙowa ba, me ya kawo shi yau, kuma daidai wannan lokaci? Ta sa takardar cikin jakar wayarta ta ja zif.

* * *

Washegari ta ce kowa ta kawo littafinta za ta duba aiki. Littafi tamanin da huɗu ta ɗora a bayan ɗan acaɓa ta kai masaukinsu, ta baje a tabarma. Ba aikin ta duba ba. Shafin ƙarshe take buɗewa tana kara 'yar takardar, ko za ta dace da inda aka yage ta.

Cikin kwana biyun nan ba yarinyar da ba ta zarga ba. Mai gyangyaɗi a aji, ƙwaya ce. Mai yawan dariya, ƙwaya ce. Wata baiwar Allah da ciwon ido ya kama, sai da Rahama ta tsare ta da kallo har yarinyar ta fashe da kuka. Wani lokaci ma ta kan ce ko tarko ne malamai suka ɗana mata, su ga iya gudun ruwan baƙuwa.

A littafi na sittin da wani abu yagar ta zauna daram, ko tsinke ba zai shiga tsakani ba. Ta juya bango ta karanta sunan, ta ji kamar ta mayar ta rufe. Naja'atu Ismail. Yarinyar da ke zama jikin taga, wadda zanen zuciyar ɗan Adam da ta yi ya yi kyau har Rahama ta manna shi a bangon aji. Ita ce ta taɓa tsayawa bayan an tashi tana tambayar makin da ake nema a makarantar koyon jinya. Jarrabawar fita kuwa saura mako shida.

Ta kira Murja, monitar ajin, kamar da wasa.

"Naja'atu kan yi fashi kuwa?"

"A'a, Malama." Murja ta waiga hagu da dama. "Sai dai ran Alhamis."

"Kowace Alhamis?"

"Malam Abdurra'uf ya sani. Shi ya ce mu daina surutu a kai."

Ashe shi ya sa ba ta taɓa lura ba. Alhamis ce ranar da 'yan bautar ƙasa ke sa kakinsu su taru a sakatariya don aikin gayya, ba ta taka makaranta sam. Kuma ko jariri a Gumel ya san Alhamis ce ranar kasuwar Maigatari, ranar da hanya ke cika da manyan motoci da babura tun daga bakin iyaka. Rahama ta haɗa wannan da wancan, lissafin ya tsaya a kan mai bulala a hammata. Daga ranar ko gaisuwarsa da ƙyar take amsawa.

* * *

"Shigo, Naja'atu, rufo ƙofar," in ji Rahama.

"A bar ta a buɗe, Malama. In an rufe za a ce wani abu ake yi."

Naja'atu ta zauna a ƙarshen benci, ta tattara hannuwanta cikin farin hijabinta. Rahama ta ajiye littafin da 'yar takardar gefe da gefe. Yarinyar ta kalle su, ta ɗago.

"Kin ce ba sai an sa suna ba."

Maganar ta soki Rahama, don gaskiya ce. "Na ce. Ki yafe ni. Amma ba zan iya ganin wannan in je in kwanta ba."

"Wa kika nuna wa?"

"Ba kowa."

"Ko sauran 'yan bautar ƙasa?"

"Wallahi ba kowa."

Sai da Naja'atu ta leƙa waje, ta ga ba mai wucewa, sannan ta fara magana ƙasa-ƙasa, idonta a kan siminti. Babanta direban babbar mota ne, shekara uku ke nan yana kwance da shanyewar ɓarin jiki. Kawu Mati, yayan ummanta, shi ke kawo gero, shi ke sayen magani, shi ya riƙe gidan da ba don shi ba da ya watse. Yana jigilar kaya a babur tsakanin Maigatari da Gumel. Duk Alhamis za ta yi shirin makaranta tsaf, ta rataya jaka, ya ɗauke ta a bayan layinsu. A wani shago a can ake cika mata wata 'yar shimi mai aljihuna tun daga ƙirji har ƙugu, ta sa a ƙarƙashin riga, ta zumbula hijabi.

"Masu shingen hanya maza ne, Malama. Wa zai ce 'yar makaranta ta ɗaga hijabi? Buhun Kawu suke bincikewa. Akwai wani dattijo a cikinsu, kullum sai ya ce min Allah ya ba da sa'ar karatu." Ta gyara hijabinta. "Ranar da ya fara faɗa min haka, da na dawo gida amai na yi ta yi."

"Tun yaushe?"

"Tun ina aji huɗu."

"Malam Abdurra'uf fa? Nawa ne nasa a ciki?"

Naja'atu ta dube ta da mamaki. "Malam? Ni dai bai taɓa ce min komai ba. Bai kuma taɓa duka na a kan fashi ba."

Rahama ta gyaɗa kai, a ranta ta ce ai dama ba zai dake ki ba.

"Kawu ya ce da na gama jarrabawa shi ke nan, tunda in na daina sa kayan makaranta ba ni da amfani a aikin. Alhamis shida suka rage. Ni tsorona kada a kama ni kafin nan. An ce za a fara kawo mata a shingen."

"Ummanki ta sani?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta yi shiru. Rahama ta fassara shirun yadda ya yi mata daɗi. Wace uwa ce za ta sani ta yi barci?

"Malama, ki rantse ba za ki gaya wa kowa ba."

"Naja'atu, wannan abu…"

"Ki rantse. In ba haka ba zan ce ƙarya kike min, ban taɓa rubuta komai ba."

Ta rantse. Tausayi ya cika ta, da wani haushi da ta rasa inda za ta sauke shi. Amma tun yarinyar ba ta kai bakin aji ba, Rahama ta fara yi wa rantsuwar kwaskwarima. An ce kada ta gaya wa kowa. To uwa ai ba kowa ba ce.

* * *

Ta zaɓi Alhamis da gangan, don ta san Kawu Mati ba ya gari, za ta sami uwar ita kaɗai. Ranar aikin gayyarsu ya ja har bayan azahar, suna kwashe shara a bakin tasha. Da aka sallame su sai ta ga in ta koma masauki ta sauya kaya lokaci zai ƙure. Ta dubi kanta: wandon kaki, rigar kaki a kan farin hijabi, hula mai baki, ga manyan takalma irin na soja. Ta ce ai ma gara haka, za a fi ganin girmanta, a san ba da wasa ta zo ba. Ta riƙe littafin rubuce-rubucenta a hannu, ta tari acaɓa.

A bakin unguwar ɗan acaɓan ya ce iyakarsa nan, bai faɗi dalili ba. Ta shiga da ƙafa. Layin siriri ne, kusan kowane gida da babur a ƙofa, da jarkoki jere a zaure. A gindin wata bishiyar maina ta tarar da majalisar maza sun baje suna shan shayi. Tana sallama hirar ta mutu.

"Don Allah ina ne gidan Malam Ismail direba? Gidan su Naja'atu, 'yar ƙanwar Mati mai babur."

Wani ya dubi takalmanta, wani ya dubi littafin. Can wani tsoho ya nuna da haɓa. "Mai koren ƙyaure."

Don kada ta manta in za ta sake zuwa, sai ta buɗe littafin a gabansu ta rubuta, gida na biyar, koren ƙyaure. Ta yi godiya ta wuce. Ba ta ga saurayin da ya tashi ya zaga bayan bishiya da waya a kunne ba.

Ummulkhair, mahaifiyar Naja'atu, na kan keken ɗinki a rumfa lokacin da Rahama ta yi sallama. Tana ɗagowa ta ga kaki, ƙafarta ta tsaya cak a kan feda, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! An kama ta?"

"A'a, Umma, kwantar da hankalinki. Ni malamarsu ce, Rahama."

Matar ta daɗe tana kallonta kafin numfashinta ya dawo. Ta shimfiɗa tabarma, ta ƙwala wa wata 'yar yarinya, ƙanwar Naja'atu, kira. "Zubaida, kawo wa Malama ruwa." Yarinyar ta fito da kofi, ko kayan makaranta ba ta cire ba, ta durƙusa ta ajiye ta koma. Daga ɗakin da ke kusa ana jin tarin namiji, mai nauyi.

Rahama ta riga ta tsara jawabinta tun a hanya, yadda za ta bi a hankali kada uwar ta suma. Amma tambayar farko ta riga ta rushe shi. Wadda ba ta san komai ba, ba za ta ce an kama ta ba.

"Umma, ashe kin sani."

Ummulkhair ta nuna ta daga sama har ƙasa. "Malama, da waɗannan kayan kika ratso unguwa?"

"Daga wurin aiki nake. Kayan bautar ƙasa ne, ba na…"

"Kin tambayi gidan a wurin wani?"

"A majalisar can."

"Kin ambaci sunan Yaya Mati?"

Rahama ta sadda kai ƙasa. Matar ta rufe ido, ta jingina kai da ginshiƙin rumfa.

"Kin kashe mu. Ke a wurinki kayan bautar ƙasa ne. A layin nan kaki kaki ne. Rabin gidajen da kika wuce da iyaka suke ci, wani fetur, wani shinkafa, wani abin da ba a faɗa. Ba a taɓa ganin kaki ya shigo nan da alheri ba."

"Umma, yarinyar nan tana da ƙwaƙwalwa. In aka kama ta…"

"Kina zaton ban sani ba? Shimin da take sawa wa ya ɗinka? Ni na ɗinka, a kan keken nan, ina yi ina kuka. Na ce gara in yi da hannuna yadda ba za ta nuna ba." Ta sassauta murya saboda mai tari. "Mutumin can bai sani ba. Allurarsa ta wata-wata daga ina kike zaton take fitowa? Na ƙirga makonnin nan kamar mai ciki, na ce saura kaɗan ta fita. Sai ga ki."

"Zan iya magana da Kawun. Ko mu nemi wata hanyar…"

"Ki tashi ki tafi tun bai dawo ba. Don girman Allah. Kuma kada ki bi ta majalisa."

Ta bi ta wani lungu mai kwata ta fita. Ruwan da aka kawo mata ko taɓa shi ba ta yi ba.

* * *

Ran Juma'a Naja'atu ta zo makaranta, amma ko sau ɗaya ba ta dubi inda Rahama take ba. Da aka tashi Rahama ta tare ta a baranda, yarinyar ta ratse ta gefe kamar ba ta san ta ba.

Ran Asabar jami'ai suka dira a wani shago a Maigatari, suka kwashe katan-katan na ƙwaya, suka tafi da mai shagon. Wasu suka ce an fi wata uku ana sa masa ido. Wasu suka ce abokin gabarsa ne a kasuwa ya kai shi. Amma a layin su Naja'atu ba a wahalar da kai ba. Kowa ya ga mace da kaki ran Alhamis, ta ambaci Mati da baki, ta rubuta a littafi, ta shiga gidan ta daɗe. Kwana biyu tsakani aka yi kamu. Kuma wa ya kai ta gidan in ba 'yar da ke zama da ita a ɗakin sirri ba?

Ran Litinin wurin zaman jikin taga babu kowa. Talata ma haka.

Ran Laraba Rahama na fitowa daga aji ta ga wani mutum ya fito daga ofishin shugaban makaranta, kakkaura, fuska a sake, da farar shadda da carbi. Ya nufo ta da fara'a kamar sun saba.

"Malama Rahama ko? Ni ne Mati, kawun Naja'atu. An ce kin je gida ba na nan. An gode da zumunci, Allah ya bar ƙauna."

"Ina Naja'atu?"

"Ai abin da na zo sanarwa ke nan. Kakarta ce ba lafiya a ƙauye, can tsallaken iyaka, ba mai kula da ita. Jiya na kai ta."

"Jarrabawa saura wata guda, Alhaji!"

"Jarrabawa ai kowace shekara ana yi. Kaka kuwa guda ce." Ya ja carbi biyu, murmushin na nan. "Malama, in ba za ki damu ba, wai ku bayan koyarwa wace hukuma kuke yi wa aiki? Don mu mutanen ƙauye ne, ba mu san kan abubuwan nan ba."

"Ba na yi wa kowa aiki. Wallahi ban gaya wa kowa komai ba. Ita ma ba ta…"

"Ita ma ba ta me?"

Ta kama bakinta, amma ta makara. Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka cika masa abin da ya rage.

"To madalla. Allah ya sa a gama lafiya, a koma gida lafiya. Kontagora da nisa."

Ba ta taɓa gaya masa garinsu ba. Ta tsaya a rana tana kallonsa har ya tada babur.

* * *

Tana zaune a tsohon siton ta haɗa kai da gwiwa Malam Abdurra'uf ya shigo. Wannan karon bai tsaya a ƙofa ba, ya zauna a benci, ya ajiye bulalar a gefe. Haushin da ta tara kwana da kwanaki ya taso mata.

"Kai ka gaya masa daga inda nake, ko? Dama na san da hannunka."

Bai yi fushi ba. Ya dube ta da idon gajiya. "Malama, garin da kika fito ko mai sayar da ƙosai a bakin ƙofar makaranta ya sani." Ya gyara zama. "Ni ko sisin Mati ban taɓa gani ba. Tun tana aji huɗu na gane. Ba ita ce ta farko ba, kuma a makarantar nan yanzu haka ba ita kaɗai ba ce."

"Ka sani ka yi shiru?"

"Na taɓa yin magana. Shekara tara da suka wuce, a kan wata yarinya. Na kai har gaba. Aka kama ta ita, wanda ya ɗora mata yana nan yana sallah a sahun farko." Ya shafa gemunsa. "Dokar makaranta, mai fashi da yawa ba a sa sunanta a jarrabawa. Don haka nake sa a cike musu rajista. Ba na cewa daidai nake yi. Ina dai lallaɓa su ne su kai ƙofar fita. Wannan saura Alhamis biyar."

Rahama ta fashe da kuka, kukan da ta fi shekara ba ta yi irinsa ba. Kunya ce da nadama suka haɗu mata, ga kuma haushin wannan mutum da ya fi ta sanin komai amma abin da ya iya ke nan.

"Ba yadda za a yi a dawo da ita?"

"Na je wurin mai unguwa jiya. Ya ce maganar gida ce. Na kira wani ɗalibina da ke ɗaukar kaya zuwa can, ya ce ƙauyen ko waya ba ta shiga." Ya ɗauki bulalarsa ya miƙe. "Za mu ci gaba da nema. Amma kada ki sake zuwa layin nan, ko da wane kaya."

Sau biyu ta rubuta wasiƙa ta ba direbobi, ba amsa. Ranar da aka fara jarrabawa aka kira lambar Naja'atu sau uku a bakin zaure, sannan aka wuce ta gaba.

* * *

Saura mako biyu su gama bautar ƙasa aka dakatar da aikin gayya, don haka a karon farko Rahama ta zo makaranta ranar Alhamis. Malamai da yawa na wurin sa ido a jarrabawa, sai aka roƙe ta ta riƙe 'yan aji ɗaya. Ta shiga, yara suka miƙe suka gaishe ta da murya ɗaya, aka miƙo mata rajista.

Tana kira suna amsawa, tana kira suna amsawa, har ta gangaro ƙasan shafi.

"Zubaida Ismail."

Shiru.

Sai da ta sake faɗa sannan sunan ya shige ta, ta tuna 'yar yarinyar da ta durƙusa ta ajiye mata kofi. Ta ɗago ta bi layukan da ido.

"Zubaida Ismail. Ba ta da lafiya ne?"

Yaran suka kalli juna. Wata 'yar ƙarama a layin gaba, mai gibi, ta ɗaga hannu don ta taimaka wa baƙuwar malama.

"Malama, ai yau Alhamis."

Ta taga ana jiyo rurin manyan motoci a kan titin Maigatari. Rahama ta riƙe biro a saman ɗan gurbin da ke gaban sunan, ta daɗe, har yaran suka fara motsi a kan benci. Sannan ta sa mata alamar ta zo, ta kira suna na gaba.